Daga Ayari zuwa Kamiyo: Tarihin da ke Kwance cikin Tsofaffin Motocin Nijar

Nijar na cikin ƙasashen Afirka ƙalilan da suka ƙare ƙarni na 20 ba su da ko taƙi ɗaya na layin dogo. Aikin da jirgin ƙasa ya yi wa Najeriya da Senegal, a nan babbar mota ce ta yi shi. Ita ta fitar da gyaɗa, ita ta shigo da siminti da yadi da kananzir, ita ta kai hatsin agaji cikin shekarun fari, ita kuma ta ɗauko ma'adinin yuraniyom daga Arlit. Saboda haka duk mai neman sanin yadda kasuwanci ya juya baya ga arewa ya fuskanci kudu, da yadda wasu garuruwa suka bunƙasa wasu suka dushe, takardun bariki kaɗai ba za su wadatar da shi ba. Wani sashe na labarin yana kwance a bayan tashoshin Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, cikin gawarwakin motocin da tsatsa ke ci, waɗanda masu sayen tsohon ƙarfe ke aunawa da sikeli.

Kafin a ji ƙarar inji

A ƙarni na 19, babbar hanyar arzikin wannan yanki ta raƙumi ce. Ayari kan taso daga Tarabulus, ya bi ta Gat da Abzin, ya sauka Damagaram, sa'an nan ya zarce Kano. Yana zuwa da yadi da takarda da duwatsun ado da bindigogi, yana komawa da fatu da gashin jimina da hauren giwa, har da bayi kafin a hana. A wannan zamani ne, musamman a mulkin Sarki Tanimun, Damagaram ta zama zangon da ba a tsallakewa. Daga kudu kuwa fatake ne da jakunansu da takarkarai suke bin hanyar Gwanja neman goro.

Abin da ya karya ayarin Tarabulus ya faru ne a wajen iyakar Nijar. A 1911 layin dogo ya iso Kano, kayan da a da sai sun yi watanni a bayan raƙumi suka riƙa isowa ta teku da jirgin ƙasa cikin kwanaki, kuma da araha. Yaƙin Kawusan na 1916 zuwa 1917, da kamen raƙuma da Faransawa suka yi kafin yaƙin da bayansa, suka ƙarasa raunana masu ayari na Abzin. Daga baya Ingilishi suka miƙa dogon zuwa Ƙauran Namoda a 1929, da Nguru a 1930, ya zama akwai bakin dogo har uku da ke fuskantar kudancin Nijar. Tun daga nan abin da ya rage shi ne abin da zai ɗauki kaya daga gonakin Gobir da Katsinar Maraɗi da Damagaram ya kai su waɗannan tashoshi. Wannan gurbi ne mota ta zo ta cika.

Motocin da suka zo kallo

Motocin farko da suka yi suna a wannan ƙasa ba su zo dako ba. Talla suka zo yi. André Citroën, mai masana'antar motoci a Faransa, ya so ya nuna wa duniya cewa motarsa za ta bi inda raƙumi ke bi. Ya yi amfani da dabarar wani injiniya mai suna Adolphe Kégresse, wanda ya taɓa kula da motocin sarkin Rasha: ƙafafun gaba irin na kowace mota, a baya kuwa wata faffaɗar ɗamarar roba ce ke zagaya ƙananan gargare, ta yadda nauyin motar zai bazu a kan rairayi maimakon ya nutse. Irin waɗannan motoci biyar suka tashi daga Tugurt ta ƙasar Aljeriya ranar 17 ga Disamba 1922, suka isa Tumbutu ranar 7 ga Janairu 1923. Wannan ne karo na farko da mota ta ratsa Sahara daga gefe zuwa gefe.

Tafiya ta biyu, wadda aka sani da suna Croisière noire, ita ce ta ratsa Nijar. Motoci takwas, kowace da ƴar tirelarta, suka bar Colomb-Béchar ranar 28 ga Oktoba 1924 a ƙarƙashin jagorancin Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil. Sun sauka Yamai, suka bi ta Tasawa da Damagaram, wadda a lokacin ita ce babban birnin ƙasar, suka nufi Gigimi da tafkin Cadi, tafiyar ba ta ƙare ba sai a tsibirin Madagaska cikin watan Yuni 1925. Tare da su akwai mai ɗaukar fim, Léon Poirier, da mai zane, Alexandre Iacovleff. Fim ɗin da aka nuna a Faransa a 1926 yana ɗauke da hotunan mahaya dawaki da makaɗa na wannan ƙasa, da na fadar Sarkin Tasawa Barmu. Duk da idon mulkin mallaka da aka kalli mutane da shi, waɗannan hotuna suna cikin tsofaffin hotuna masu motsi da ake da su na ƙasar Hausa ta Nijar.

Akwai abin da tallan bai cika ambata ba. Injin waɗannan motoci ƙarami ne, ƙarfinsa bai wuce na doki 20 ba, kuma ba za su iya ɗaukar man da zai ishe su ba. Sai da aka riga aka ajiye musu fetur da kayan gyara zango-zango, a wurare da dama kuwa raƙuma da ƴan dako ne suka kai kayan. Ita kanta ɗamarar robar ba ta daɗe tana tashe ba, domin tana saurin cinyewa, kuma motocin Renault masu ƙafa shida sun nuna tun 1924 cewa taya ma tana iya rairayi. Lokacin da kamfanin SATT na Georges Estienne ya kafa zirga-zirga cikin shekarun 1930 daga Aljer zuwa Kano, ta Tamanrasat da Agadas da Damagaram, da motoci masu taya ya yi.

Hanyar da hauya ta share

Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Idan mota ta iya gudu daga Yamai zuwa Damagaram, wani ne ya share mata hanya, kuma ba da inji aka share ta ba. Hanyoyin farko na Nijar da gatari da hauya da diga da kwando aka yi su, a ƙarƙashin aikin tilas. Kwamandan ya yanka wa kowane sarki adadin mutanen da zai kawo, sarki ya raba wa masu gari, a kwashi majiya ƙarfi su sare itatuwa, su tuge kututture, su ɗebo jar ƙasa da tsakuwa a ka su zuba inda rairayi ya yi yawa. Kowace damina ruwa ya ɓata, kowace kaka a sake kiran mutane. Nauyin wannan aiki da na haraji ya sa iyalai da dama suka tsallaka iyaka suka koma ƙasar Ingilishi. Sai ranar 11 ga Afrilu 1946 aka soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulka, da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny.

Don haka tarihin mota a Nijar ba ya rabuwa da tarihin kayan aikin hannu. Tsohuwar diga da ke jingine a zauren wani tsoho a ƙauyen da ke bakin hanya tana iya zama shaidar wannan zamani fiye da hoton gwamna cikin motarsa.

Gyaɗa ta kira kamiyo

Abin da ya mayar da mota ma'aikaciya shi ne gyaɗa. Daga shekarun 1930 kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA suka buɗe kantuna da wuraren awo a Maraɗi da Damagaram da Tasawa da Magarya. Manomi ya kawo gyaɗarsa a kan jaki ko raƙumi zuwa kasuwar awo, daga can kamiyo ya kwashi buhuna zuwa bakin dogo a Najeriya. Lissafin a fili yake: raƙumi kan ɗauki kimanin kilo 150, ke nan kamiyo ɗaya mai ɗaukar tan 10 ya maye gurbin raƙuma fiye da 60, kuma tafiyar mako ya yi ta cikin yini ɗaya ko biyu.

Yaƙin duniya na biyu ya nuna raunin wannan sabon tsari. Daga 1940 zuwa ƙarshen 1942 Afirka ta Yamma ta Faransa tana bin gwamnatin Vichy, iyakar Najeriya ta zama iyakar gaba, fetur da taya suka yi wuya. A faɗin yankin aka riƙa ɗaura wa motoci wata tukunya da ke ƙona gawayi tana ba inji iskar da zai ci, wasu injuna kuma aka zuba musu man gyaɗa. Raƙumi da jaki suka dawo da martabarsu na ɗan lokaci. Da yaƙi ya ƙare sai harka ta buɗe fiye da da. Maraɗi, wadda ambaliyar Gulbi ta 1945 ta sa aka tayar da ita daga fadama aka sake gina ta a kan tudu, ta sami faffaɗan tituna miƙaƙƙu da babbar mota ke iya juyawa a cikinsu.

Da gyaɗa ta yi yawa har dogon Najeriya ya kasa kwashe ta Kano kanta, ga kuma son Faransa na kada kayanta su dogara da hanyar Ingilishi, sai aka ƙirƙiro a 1953 shirin da aka sa wa suna Hirondelle, wato tsattsewa. Kamiyo ya ɗauki gyaɗa daga Maraɗi da kewaye, ya bi ta Ƙonni da Doso da Gaya zuwa Paraku ta ƙasar Dahome, inda dogon Kwatano ya tsaya tun 1936, ya juyo da siminti da mai da sauran kayan kanti. Hanyar ta fi ta Kano nisa, saboda haka hukuma ce ke cike giɓin kuɗin dako. Gadar da aka gina a kan kogin Kwara tsakanin Gaya da Malanbil a 1958 ta kawar da jiran jirgin fito. Bayan samun mulkin kai aka kafa SONARA a 1962 domin cinikin gyaɗa, da SNTN a 1963 domin sufuri.

A cikin wannan harka ne Alhazan Maraɗi suka taso, kamar yadda Emmanuel Grégoire ya nuna cikin littafinsa Les Alhazai de Maradi na 1986. Da yawa daga cikinsu sun soma ne a matsayin masu saya wa kamfani gyaɗa, ribar da suka tara suka sa ta cikin mota, mota kuma ta buɗe musu wasu kasuwanni. Noman gyaɗa ya kai ƙololuwa wajajen 1966 da 1967, sa'an nan farin 1973 da 1974 da cutar da ta faɗa wa shuka a 1975 suka durƙusar da shi. Motocin ba su tsaya ba. Sun koma dakon hatsi da kayan da ake ƙetarawa da su Najeriya, wasu kuma suka bi sabuwar hanyar Tawa zuwa Arlit, inda aka soma haƙar yuraniyom a 1971.

Berliet da itacen Tenere

Daga cikin sunayen da ke jikin motocin wancan zamani, babu wanda ya zauna a bakin mutane kamar Berliet, kamfanin birnin Lyon. Alamarsa kan jirgin ƙasa ce, wadda ya ɗauka bayan da ya sayar wa wani kamfanin ƙera jiragen ƙasa na Amurka izinin ƙera motocinsa a 1905. Haka ƙasar da ba ta da dogo ta shekara da shekaru tana ganin hoton jirgi a goshin motocin da ke yi mata aikin jirgi. Samfurin GLR, mai dogon hanci, wanda ya fito a farkon shekarun 1950, an ƙera fiye da 100.000 nasa, kuma ya yi suna wajen juriya da sauƙin gyara.

Cikin watan Nuwamba 1959 kamfanin ya aiko da motoci tara samfurin GBC 8, masu ja da ƙafa shida, waɗanda ake kira Gazelle, domin su ratsa Tenere daga Janet zuwa tafkin Cadi da Fort-Lamy, wato Njamena ta yau. Injinsu na iya cin mai iri-iri. Matafiyan sun kakkafa alamun ƙarfe a hanya domin masu zuwa baya, kuma masanan da ke tare da su, ciki har da Henri Lhote, sun tattara kayan aikin dutse na mutanen da suka zauna wurin tun Sahara tana da ruwa. Manufar kamfanin ita ce ya nuna cewa ana iya haɗa Bahar Rum da Cadi da babbar mota. Ƴancin kan ƙasashen yankin a 1960 da na Aljeriya a 1962 ya sauya lissafin, hanyar ba ta zama abin da aka yi zato ba.

A wannan tafiya Lhote ya sake ganin shahararren itacen Tenere, wanda ya fara gani a 1934, ya tarar wata mota ta riga ta karya masa sashe. Itacen ƙaya ne guda ɗaya tilo a tsakiyar rairayi, kan hanyar Agadas zuwa Bilma. Rijiyar da aka haƙa kusa da shi a 1938 zuwa 1939 ta nuna saiwoyinsa sun bi ruwa har zurfin fiye da mita 30. Masu ayari sun daɗe suna yada zango a gindinsa ba wanda ya sare reshe ya hura wuta. A 1973 wata babbar mota ta banke shi, aka ɗauko gangar jikinsa zuwa gidan tarihi na ƙasa a Yamai, aka kafa na ƙarfe a gurbinsa.

Duk da haka mota ba ta kashe ayarin gishiri ba. Abzinawa sun ci gaba da zuwa Fashi da Bilma suna kawo kantu da dabino kasuwannin Hausa, domin raƙumi ba ya shan mai, ba ya neman kayan gyara daga waje, kuma kiwo da fatauci a wurinsu sana'a ɗaya ce. Mota ta yi rinjaye ne inda kaya ke da nauyi kuma lokaci ke da tsada.

Hannuwan da suka horar da ƙarfe

Sunan Berliet ya ɓace daga sababbin motoci a 1980, bayan da aka haɗe kamfanin da Saviem a ƙarƙashin Renault. Amma motocinsa sun ci gaba da aiki a nan shekaru da dama bayan haka, tare da Mercedes mai gajeren hanci, da Land Rover, da Peugeot 404 mai tamfol wadda ta zama jakar kasuwannin ƙauye. Abin da ya tsawaita ransu shi ne ilimin da bai taɓa shiga littafi ba. Yaron mota ya soma da sa wa taya guntun icce a kan gangara da ɗaure kaya, ya koyi sauraren inji har ya san ciwonsa daga ƙararsa, bayan shekaru ya zama direba ko bakanike, shi ma ya ɗauki nasa yara. Tsarin koyon sana'a ne irin na maƙera da majema, aka ɗora shi a kan baƙon inji. Kafintoci suka ƙera bodin katako mai tsawo wanda ya dace da buhu da dabba da fasinja a lokaci guda, masu fenti suka ƙawata shi da furanni da addu'o'i.

Idan kuma mota ta mutu, ba a bar gawarta ta tafi a banza ba. Faifan ƙarfen da ke ɗauke da nauyinta a kan ƙafafu shi ne abin da maƙeri ya fi so, domin ƙarfe ne mai tauri da ke riƙe kaifi, daga gare shi ake fitar da gatari da hauya da lauje da wuƙa. Ƙarfen da ke haɗa ƙafafun baya ya koma amalanken shanu ko na jaki, taya ta zama takalmi, robar cikinta ta zama guga, sassan alminiyom aka narke su aka zuba tukwane da ludaya, kamar yadda ake gani a kasuwar Katako ta Yamai. Wannan yalwar tsohon ƙarfe tana cikin dalilan da suka sa aka daina narka tama. Lokacin da Nicole Echard ta ɗauki fim ɗin Noces de feu a wurin maƙeran Adar cikin shekarun 1960, aikin ya riga ya zama abin da sai dattawa suka san sirrinsa. Ke nan mota ta raba maƙera da tanderun tama, ta kuma ciyar da maƙerarsu.

Abin da ya rage a yi

A Faransa, gidauniyar Berliet da aka kafa a 1982 tana adana ɗaruruwan tsofaffin motoci da takardunsu, kuma ɗaya daga cikin motocin da suka ratsa Sahara a 1922 tana gidan tarihi na garin Saint-Jean-d'Angély. Labarin da ake bayarwa a can na injiniya ne da na matafiyi. Na direban da ya kwana uku a cikin laka tsakanin Doso da Gaya, da na wanda ya ɗebi tsakuwa a ka, da na maƙerin da ya mayar da ƙarfen Lyon hauyar Gobir, babu mai ba da shi in ba mutanen nan ba. Tun daga shekarun 2000 kuwa tsohon ƙarfe ya yi daraja, ana saye ana fitarwa, direbobin zamanin gyaɗa kuma waɗanda suka rage tsofaffi ne ƙwarai.

Aikin bai fi ƙarfin malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu ba. Kowace tsohuwar mota tana da ɗan allon ƙarfe mai ɗauke da samfuri da lamba, wanda ɗalibi zai iya kwafewa ya ɗauki hotonsa. Ana iya zama da tsofaffin direbobi da bakanikai a naɗi muryarsu: hanyoyin da suka bi, zangon da suka sauka, kuɗin dako, da laƙabin da suka sa wa kowace mota. Malamin Hausa zai sami taskar kalmomi a gareji, inda aron Faransanci da na Ingilishi suka gauraya gwargwadon kusancin gari da iyaka, malamin tarihi kuma zai iya koyar da zamanin mulkin mallaka da abin da yara za su taɓa da hannu. Gidan tarihi na Boubou Hama da gidajen al'adu na jihohi ba za su rasa filin ajiye kamiyo ɗaya na zamanin gyaɗa ba, da sikelin awo a gefensa, da diga da kwandon da suka share masa hanya. A 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi. Ranar da jirgi zai shigo, ya kamata yaran garin su sami inda za a nuna musu abin da ya ɗauki kayan kakanninsu kafin zuwansa.